Bulon Na Biyar

Ku ƴaƴana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san abin da kuka tashi kuna ji a bakin mutanen Gure: wai Idi mai gyaran injin ban ruwa ya yi shekara guda cur yana kokawa da injin kwalekwale, injin ya kayar da shi. Har yau in na ratsa ta tasha akwai tsofaffin banza da ke ɗaga murya su ce, "Kaftin, ina ruwa?" Ina jin su, ina wucewa. To yau zan faɗa muku yadda aka yi, don kada in mutu ku ci gaba da sunkuyar da kai a kan ƙarya. Babu injin da ya kayar da ni. Shekara arba'in ina buɗe cikin injunan lambunan kwari, daga nan har Gamu da Kelle, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Abin da ya shiga tsakanina da wancan injin ya fi rashin iyawa nauyi, kuma da hannuna na aikata shi.

Yayana Ari, wanda manyanku suka sani da Baba Babba, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Ina ƙarami ya bar gida ya nufi gabas, ya wuce Difa, ya wuce Gigmi, ya faɗa tafkin Cadi, tafkin kuma ya riƙe shi. Sama da shekara arba'in yana jigilar mutane da bandar kifi tsakanin tsibirai. Can ya auri Falmata, can ta rasu ba ta bar masa ɗa ba, can aka binne ta a wani tsibiri da ko sunansa ban iya faɗa daidai ba. Sai shekarar nan da zaman tafki ya gagara, masu bindiga suka hana kowa sakat, mutanen tsibirai suka watse. Wata ranar kasuwa da hantsi aka aiko mini cewa ga wani tsoho a tasha yana tambayar gidanmu. Na je na tarar da shi zaune a inuwar kamyo, babbar motar kaya, ya rame, yanar ido ta fara rufe masa gani, hannunsa na rawa. Kusa da shi ga wani dogon abu naɗe a tabarma, an ɗaure shi da igiya wuri uku. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka gawa ce.

"Yaya, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Injin kwalekwale ne, mai ƙarfin doki ashirin da biyar. Kama kai in kama ƙafa, kuma ka bi a hankali."

Haka muka shigo da shi gida, muka kafa masa katako ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida muka ɗaure shi a tsaye. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba: kai ne a sama, inda wuta ke tashi, sai dogon wuya, sai abin da mutanen tafki ke kira ƙafa, wadda ke nutsewa cikin ruwa da farfelarta. A cikin ƙafar nan akwai ɗan famfo mai roba da ke tura ruwa sama ya sanyaya kan. In yana aiki, ruwan kan fito ta wata ƴar kafa a baya, siriri, su kuma su ce inji yana fitsari. Na Yaya ya daina fitsari. Robar ta ci, kuma ba a isa gare ta sai an sauke ƙafar gaba ɗaya. Uwarku Hajara ta zagaya shi sau biyu, hannu a ƙugu, ta dube ni.

"Malam, garin da ake bin layi don bidon ruwa ɗaya, nan aka kawo mana abin da ba ya rayuwa sai a ruwa? Sai ka ce rago a tsaye."

Yaya ya ji ta, ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani ɗan gwangwanin taba. Ciki sabuwar roba ce, baƙa wuluk, mai fukafukai shida, da ya saya a Difa a kan hanya. Ya ba ni na taɓa, ya karɓe abinsa ya mayar.

"Hannuna ya daina riƙe kilen kwance inji, Idi. Kai za ka sauke mini ƙafar. Ran da ya yi fitsari, ranar zan nemi motar gabas."

"Gabas ina, Yaya? Mutane gudowa suke yi."

"Na kafa wa Falmata itace a kan kabari don kada wurin ya ɓace. Damina biyu in ta wuce, ruwa zai ɗauke shi. Na ce mata ba zan bar ta ita kaɗai a tsakiyar ruwa ba, kuma wuri na nan kusa da ita, na auna."

A kwanakin nan duk wanda ya koma tafki daga cikin waɗanda muka sani, labarinsa ne ke yankewa. Ni kuma tun ina ɗan shekara goma rabona da in ci tuwo kwano ɗaya da yayana. Iyayenmu sun tafi, ƴan'uwanmu mata sun tafi, mu biyu muka rage a duniya, sai ga shi Allah ya kawo mini shi har tsakar gida yana maganar komawa.

Kwana biyu na kwance buloli huɗun da ke fili, wato kusoshin murɗi masu riƙe ƙafar, na raba sandar giya. A rana ta uku ina goge ƙarƙashin faifan da ke saman farfela, na cire wani ɗan kunnen ƙarfe da ke wurin, sai ga rami, cikin ramin kuma ga kan bulo yana kallona. Na biyar. Wanda bai san da shi ba zai shekara yana bugu ƙafar ba za ta motsa ba. Kile na hannuna, har na ɗora shi a kai. Yaya na kan tabarma bayana yana kurɓar shayi, yana ba uwarku labarin yadda ake gane zurfin ruwa da launinsa. Na tsaya ina jin muryarsa, irin ta babanmu sak, har da ɗan tarin nan kafin ya fara magana. Sai na janye kilen. Na dangwalo tsohon giris baƙi da yatsa na cike ramin, na shafe shi sumul. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba.

"Bulo nawa ka cire?" in ji Yaya.

"Huɗu. Ƙafar ce ta kama, tsatsa ta ci sandar."

Ya kurɓi shayinsa. Sannan ya ce, "To." Na ce a raina tsufa ne, ya manta lissafin injinsa, har na yi hamdala.

Daga nan muka shiga wata irin shekara da har yanzu in na tuna ta sai in ga kamar barci na yi da rana. Kullum in na dawo daga kwari da la'asar, sai in zo in tsiyaya man birki a gaɓar, in sa ƴan katakan aduwa da na fere, in ɗan ƙwanƙwasa da guduma, ƙwas, ƙwas, a hankali don kada in fasa abin da na san a ɗaure yake. Shi kuma yana zaune yana magana. Ya ce a tafki akwai tsibiran ciyawa da ke tafiya, ka kwana da hanya a buɗe ka wayi gari iska ta turo ƙasa ta rufe ta, har da tsuntsaye a kai. Ya ce akwai shanu masu manyan ƙaho farare da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ba abin da kake gani sai hanci da ƙaho, makiyayin na riƙe da wutsiyar ta ƙarshe. Ya ce da sassafe ruwa da sama kan zama abu ɗaya, ka rasa inda kwalekwale yake, sai dai ka ji sanyi a tafin ƙafa ka san har yanzu kana duniya. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, sai in ɗaga kai in ga tudun yashin da ke bayan unguwa yana rawa cikin zafi, in ga kamar shi ma tafiya yake. Wani lokaci yana cikin magana sai ya miƙa hannu ya kama maƙallin injin, ya ɗan karkata shi hagu, kamar akwai abin da yake kaucewa. Uwarku kan tsaya da tsintsiya a hannu har shara ta koma inda ta fito.

Damina ta zo ta wuce. Aka yi kaka. Yaya ya yi ƙiba kaɗan, ya fara zuwa masallaci da kansa yana bin katanga, ya san muryar kowa a layinmu. Duk safiya bayan salla, kafin koko, sai ya je wurin injin ya shafa shi daga kai har ƙafa, yadda ake shafa doki. Uwarku ta yi ta mita a kan rigunansa.

"Ni dai ban san abin da Yaya ke taɓawa ba. Kowace riga, baƙin yatsa a bakin aljihu. Na murza har hannuna ya yi ja, ba ya fita."

Ni ma nakan tarar girisin ramin ya ɗan lotsa, in ce zafin rana ne ke narkar da shi, in ƙara wani. Mutum in yana son ya ruɗi kansa ba ya rasa dalili. A gari kuwa magana ta bazu. Masu gyaran babur na tasha suka riƙa zuwa kallo, kowa da shawararsa: wannan ya ce a gasa da wuta, wancan ya ce a ɗaura wa amalanke a ja. Wani mai lambu daga Gamu ya ɗauke injinsa daga hannuna ya kai wa yaron da ni na koya wa riƙe kile, wai tsufa ya kama ni. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma in na shigo gida na ji tarin nan ƙarƙashin dogon yaro, sai in ce su yi ta faɗa.

Uwarku ce ta tsinke igiyar. Bayan sanyi ya wuce, zafi ya fara dawowa, Yaya ya daina labari. Yakan fito da gwangwanin ya buɗe, ya matsa robar da yatsa ya ji ko ta bushe, ya rufe. Abinci ya koma cokali uku. Wata rana da azahar ta same ni a zaure ina wanke hannu da kananzir, ta tsaya a kaina.

"Malam, shekara talatin ina jin ka kana zagin inji. Wanda ya ƙi tashi ka zagi uwarsa, ka zagi wanda ya ƙera shi. Wannan kuwa wata goma sha ɗaya, ko tsaki ban ji ka yi masa ba. Me ka yi?"

Na ce mata ta shiga harkar tukunyarta. Ba ta motsa ba.

"Ka ɗaure bawan Allah kamar akuya, kana ba shi dusa kana cewa ƙauna ce. Yana ƙirga damina, ka sani. Ɗaya ta wuce. Ka ji tsoron Allah, Malam."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ta faɗa. Ban ci abincin rana ba. Da la'asar na ɗauki kile na je na kwashe girisin, na kwance bulon na biyar, ya fito salin alin kamar jiya aka ɗaura shi. Na riƙe ƙafar da hannu biyu don kada ta faɗo mini a kan yatsu, na ja. Ba ta motsa ba. Na jijjiga, na sa katako na buga da gaske. Ko gezau. Ashe ƙaryar da na yi ta zama gaskiya: sandar da ke hawa daga ƙafa zuwa kai, haƙoranta sun yi tsatsa sun manne a can sama inda man da nake tsiyayawa bai taɓa kaiwa ba, damina guda ta sauka a kansa ina wasa. Gumi ya karyo mini. Na ɗaga guduma na ce, "Kai, tsinannen ƙarfe, ɗan banzan inji, uban wa ya ƙera ka!"

Sai na ji dariya a bayana. Yaya ne, yana dariya har da tari, yana share ido da bakin riga.

"Madalla. Yau Idi ya fara aiki."

Na juya na dube shi, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ya ce in ajiye gudumar kafin in yi masa ɓarna, in nemo igiya.

Muka rataye injin a reshen dogon yaro, kai ƙasa ƙafa sama, yadda mahauci ke rataye rago, don man ya gangara ta jikin sandar ya isa haƙoran. Man birki da gazuwal, man manyan motoci, safe da yamma. Na daina zuwa kwari. Kwana goma sha biyu ina tsiyayawa, ina ƙara matse katakan kaɗan kaɗan, ina sa kunne ko zan ji ta yi ƙara. Wannan karon ni ke ƙirga kwanaki, don ina ganin yadda ƙafafun Yaya ke kumbura, yadda yake hutawa sau biyu tsakanin ɗaki da inuwa. A rana ta goma sha uku ya ce ya isa, a sauke, a nemo tano, wato babban durom, a cika da ruwa.

Bido goma tano ke ci. Uwarku ta bi maƙwabta gida gida, mata suka ba da ruwan girkinsu na ranar, suna dariya suna cewa za su ga tafki a gidan Idi. Muka tsayar da injin, ƙafarsa cikin tano. Yaya ya sa na mayar da buloli huɗu amma na bar su sako-sako, faɗin yatsa, don in ta saki kada ta faɗi, na kuma haɗa sandar giya. Na zuba isansi, wato fetur, gauraye da mai, na ja igiya. Sau bakwai, a na takwas ya kama. Hayaƙi shuɗi ya cika gidan, kaji suka watse. Yaya ya miƙe ba wanda ya kama shi, ya dafa maƙallin, hannun nan da ke rawa ya tsaya cak. Ya jefa giya gaba, ruwa ya yi tsalle ya jiƙa mu, ya dawo da ita, ya jefa baya, ya sake jefawa gaba. A karo na huɗu muka ji ƙam, wata ƙara daga cikin wuyan, ƙafar ta sauko ta zauna a kan bulolin. Ya kashe injin da sauri kafin kan ya yi zafi. Gidan ya yi tsit, sai ruwa ke ɗiga daga ganyen dogon yaro.

Washegari na goge haƙoran sandar, na shafa musu sabon giris, Yaya ya buɗe gwangwaninsa ya miƙo mini robar. Na ɗaura komai, har da na biyar. Da muka tayar, ba a yi numfashi uku ba sai ga shi, siririn ruwa daga baya, yana zuba a kan yashi. Yaya ya tara tafin hannunsa, ruwan ɗumi na cika shi yana zubewa, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Leɓensa na motsi, ban san ko addu'a yake ko da Falmata yake magana ba.

Na cika alkawari, ku shaida. Na je tasha da ƙafata na samo masa wuri a kamyon da zai tashi Difa ranar Lahadi, na ce ni zan raka shi har inda mota ta tsaya. Uwarku ta daka masa guzuri. Ranar da safe muka naɗe injin a tabarmarsa, Yaya ya sa farar riga ya zauna a dakalin ƙofar gida da ƙunshinsa. Da amalanke ta iso, ya dafa ƙasa zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya sake gwadawa. Na kama shi ta hammata, ya girgiza kai, ya ce in sallami mai amalanke. Na durƙusa a gabansa, ni da furfurata, na fashe da kuka.

"Yaya, ni na cuce ka. Da na cire shi tun bara, da yanzu kana can. Ka yafe mini."

"Tashi, mutane na wucewa. Injin da na yi shekara ashirin ina kwana da shi, ni za ka ɓoye wa bulo?"

"To me ya hana ka faɗa? Ko masu gyaran babur ka sa, da sun cire maka."

Ya juya fuskarsa gabas, inda rana ta fara zafi a kan yashi, sannan ya dawo da ita wajena.

"Kullum da safe nakan sa yatsa in laluba. In na ji yana nan, sai in ce, to, har yau Idi na so in zauna. Tun da Falmata ta tafi ba wanda ya riƙe ni. Sai in ce bari in ƙara kwana ɗaya."

Kwana tara ya yi bayan nan. Mun binne shi a nan Gure, a yashi, nesa da ruwa, nesa da wurin da ya auna wa kansa. Damina ta biyu ta sauka bayan wata biyu, kuma duk ruwan da aka yi a shekarar ina jin sa a ƙirjina, ina tunanin wani itace a wani tsibiri. Ya yafe mini, na sani, amma ita ban san ko ta yafe ba, ban kuma taɓa ganin fuskarta ba balle in roƙe ta.

Injin na ba wani mutumin tsibirinsu da ya biyo ta nan zai koma bayan an ɗan samu sauƙi. Ban karɓi komai ba, na ce dai in ya isa ya nemi wurin, in itacen ya tafi ya kafa wani. Ko ya isa, ko ya samu, har yau ban ji ba. Shi ya sa masu ce mini kaftin ba su taɓa ganin injin yana aiki ba, ni kuma ban tsaya yi musu bayani ba.

Kayan Yaya duk mun bayar sadaka yadda aka saba, sai riga ɗaya da uwarku ta ɓoye ba ta gaya mini ba sai daga baya. Tana ƙasan akwatina. In na tafi kuka buɗe, za ku ga farar riga da baƙin tabo a bakin aljihu, daidai girman yatsa. Kada wata ta ce za ta gwada sabulu a kai. Ku sa ta inda kuka same ta.